Majigi a Kasala

Sun rataye farin zane a bangon kulob,
tsakanin bishiyar lemo da tankin ruwa.
Dutsen Taka ya tsaya can baya
kamar wanda bai sayi tikiti ba.
Ni aka ba kujerar gaba:
"Muzammil ne, ɗan marigayi, ku matsa masa."

Sai ga Baba a jikin zane.
Ba shi ba ne. Wani ɗan Umdurman ne
da aka shafa wa furfura a gemu,
ya fi Baba tsawo, ya fi shi fara'a,
Hausarsa tana ɗingishi.
Amma ya riƙe alƙalami da yatsu uku
kamar mai ɗiban gishiri.
Wa ya faɗa masa?

Yaron da aka ce ni ne
yana ta gudu a bakin kogin Gash,
uban ya cafe shi, ya ɗaga shi sama.
Mata suka ce, "Allah sarki."
Ni ban taɓa ganin Kasala
daga kan kafaɗar kowa ba.

Abin da na sani shi ne ƙofa.
Shuɗiyar ƙofa, da muryar Inna Batula:
"Yi shiru, Ustaz yana rubutu."
Na koyi tafiya a kan yatsu,
na koyi atishawa cikin matashi.
A bayan ƙofar nan bushiya take magana,
kada yana neman gafara,
jaki yana cin jarrabawa,
yaran Gadarif da na Mai Wurno
suna haddace dariyar ubana
kamar karatun allo,
ni kuwa ina kai masa shayi,
in ajiye a ƙasa, in ƙwanƙwasa sau ɗaya.

Ba su sa daren nan a fim ba,
daren da na ce masa a bakin akushi:
"Kana son 'ya'yan tawada
don ba sa buƙatar takalmi."
Ya suɗe yatsa. Ya dube ni.
Ya ce, "Ka ƙoshi?"
Da asuba na hau lori zuwa Bur Sudan.

Shekara goma sha ɗaya ina kirga buhunan riɗi.
Wasiƙa ba ta zo ba, ko ɗaya.
Littattafai ne ke zuwa,
da sunana a shafin farko, ba gaisuwa.
Na ƙarshen ya zo daidai kaurin
da ƙafar gadona ta rasa,
sai na cusa shi a ƙarƙashi.
Gadon ya bi ni gida, littafin ma.

A fim, na iso yana numfashi,
ya dafa kaina, muka yafi juna.
Ƙarya ce mai kyau.
Damina ta cinye hanya a shekarar,
na iso an riga an naɗe tabarmi,
sai ƙanshin kofi da citta
da takalman baƙi.

Har na miƙe zan fita
sai ɗan Umdurman ya buɗe littafi,
ya fara karanta wa ɗalibai:
wai bushiya ta yi fushi,
ta ce za ta je ta ga teku.
Wai tsohon bushiya bai hana ta ba.
Ya dai bi ta daga nesa, dare bayan dare,
yana share mata ƙaya daga hanya,
don bai san yadda mai ƙaya
zai rungumi mai ƙaya ba.

Na san bangon nan. Kore ne,
da tabon ƙafar gado a nawa.

Janareta ya yi tari, ya mutu.
Mutane suka kunna wayoyi.
Wata yarinya ta miƙo mini biro
ta ce in sa mata hannu a madadinsa.
Na riƙe biron.
Yatsu uku.

Yau zan ɗaga gadon.
Zai koma ɗingishi.
To, ya yi.